Yadda ake koyar da ilimin sauti a lise da kalangu, gwangwani da bangon makaranta

Shekarar da na fara koyar da fizik a lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram, a kan allo na yi darasin sauti tun daga farko har ƙarshe. Na zana layi mai hawa da sauka, na rubuta v = λ × f, yara suka kwafe tsaf, ranar jarrabawa kuma da yawa suka ci. Bayan mako biyu muna tsaye a bakin ƙofar makaranta, can nesa wata mata tana daka, sai wata ɗaliba cikin waɗanda suka fi kowa maki ta ce, "Malam, me ya sa nake ganin taɓarya ta sauka kafin in ji ƙararta?" Amsar tana cikin littafinta, da hannunta ta rubuta, amma ba ta gane ita ce ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Tun daga ranar na sauya tsari: kunne da hannu su fara, suna ya biyo baya, lissafi ya zo daga ƙarshe. Ga yadda nake yi yanzu, cikin zama huɗu ko biyar, ko da makarantarku ba ta da ɗakin gwaji.

Abin da za ka tanada

Mako guda kafin darasin ka raba wa yara abin da kowa zai kawo: gwangwanayen madara ko na tumatir, zaren ɗinkin buhu kamar mita 10, ƙwarya ko kwano, leda mai kauri, robar ɗaure kaya, tafin hannu guda na gero, rula ta ƙarfe, cokali, kwalaben lemo iri ɗaya guda biyar, guntayen katako biyu masu faɗi. Kai kuma ka nemo guntun tiyo na roba mai tsawon santimita 35 da faɗin baki kamar santimita 4, da bido, wato jarka, na lita 25 da aka yanke masa kai, da awon mita na magina. Ka sa manhajar phyphox a wayarka. Kyauta ce, wata jami'a ta birnin Aachen a Jamus ta yi ta, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar intanet. Tana fitar da sauti a kan adadin da ka zaɓa, tana kuma auna na wani.

Sai kalangu. Kada ka ce za ka yi ba tare da shi ba. Ka je wurin makaɗin unguwarku da kanka, ka gaida shi, ka gaya masa abin da kake so. In ya yarda ya zo ajin, ya fi aro nesa ba kusa ba, don hannunsa ya san abin da naka bai sani ba. Ka tanadi ɗan abin goro, lokacinsa ka ci.

Zama na farko: babu sauti sai da girgiza

Kada ka rubuta komai a allo. Ka ce kowa ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa ya ja "aaaa", sannan ya yi shiru, sannan ya sake. Ka tambaye su abin da yatsunsu suka ji. Wani zai ce rawa, wani karkarwa, wani girgiza. Duk ka karɓa, ka zaɓi guda ku riƙe. Ni girgiza nake riƙewa.

Daga nan ka ɗaure leda a bakin ƙwarya da roba, ka ja ta sosai har ta yi tauri kamar fatar ganga, ka barbaɗa gero kaɗan a kai. Ka kira yaro guda ya riƙe tire na ƙarfe kusa da ƙwaryar, kamar taki ɗaya, ya buga shi da cokali ba tare da ya taɓa ta ba. Geron zai yi tsalle. A nan ka dakata, kada ka yi gaggawar bayani. Ka ce, "Wa ya taɓa geron?" Ka bar su su yi gardama. Da kansu za su iso ga cewa tiren ya girgiza, ya girgiza iskar da ke kusa da shi, iskar ta girgiza ledar. Abu uku ke nan da duk darasin ya rataya a kansu: mai girgiza, mai ɗauka, mai karɓa. Sai yanzu za ka ɗauki alli.

Tambayar da ke biye ita ce mafi wuya: shin iskar da ke bakin tiren ce ta taso ta je wurin ƙwaryar? Kusan dukkansu za su ce e, domin a Hausa kalma ɗaya muke da ita ga iskar da muke shaƙa da iskar da ke kaɗawa. Ka fitar da su fili. Maza goma su yi sahu, mata goma su yi nasu, kowa ya dafa kafaɗun na gabansa. Ka ɗan tura na baya a hankali. Turin zai bi sahun har ya fita ta na gaba, amma kowa yana nan inda yake tsaye, ya ɗan sunkuya ne ya dawo. Haka ƙwayoyin iska suke yi: su matsu, su saki, su matsu, su saki, kowace tana kai da komo a wurinta. Abin da ke tafiya shi ne matsin. Ka ƙara musu da hujja ta gida: da a ce iskar ce ke tafiya da gudun sauti, da duk lokacin da ladan ya kira salla sai guguwa ta tashi daga lasifika.

Ka lura da abu guda a nan. Yaran suna kai da komo ta hanyar da turin yake bi, gaba da baya. Zanen da muke yi a allo mai hawa da sauka kuwa yana sa ɗalibi ya ɗauka iska sama da ƙasa take yi, kamar igiyar guga in an kaɗa ta. Saboda haka duk lokacin da za ka yi wannan zane, ka fara zana ɗigo-ɗigo a samansa, wani wuri a cunkushe, wani wuri a warwatse, sannan ka nuna cewa tudun layin shi ne inda ɗigon ya cunkushe, kwarinsa kuma inda ya warwatse. Layin awon matsi ne kawai. Minti biyar ɗin da za ka kashe a nan za su raba ka da kuskuren da kan bi yaro har jami'a.

Ka rufe zaman da wayar gwangwani. A huda gindin gwangwani biyu, a zura zare a ƙulla, yara biyu su ja shi ya miƙe sosai, ɗaya ya yi raɗa ɗaya ya saurara. Sai na uku ya kama zaren da yatsu a tsakiya: magana ta yanke. A sassauta zaren: ta yanke. Sun ga ke nan sauti yana bin abu mai tauri, kuma dole sai da abin da zai bi. Inda babu iska kwata-kwata fa? Wannan sai dai ka ba su labari, don yana buƙatar famfon zuƙe iska. Wajen 1660, a Ingila, Robert Boyle ya sa agogo a cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar ciki, ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace, alhali ana ganin yana aiki.

Zama na biyu: kauri da siranta dabam, ƙarfi dabam

Wannan zaman shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne harshe yake yi mana tarko. Da Faransanci muke koyarwa, amma da Hausa yaro yake tunani. In ya ce murya "ta yi sama", wani lokaci yana nufin ta yi ƙarfi, wani lokaci yana nufin ta sirance. Muddin ba ka raba masa waɗannan biyu da Hausa ba, kalmomin Faransancin da zai haddace za su zauna a kan ruɗani. Alhali muna da kalmomin a bakinmu: murya mai kauri da siririyar murya a gefe guda, murya mai ƙarfi da raɗa a ɗaya gefen. Dattijo yana iya yin raɗa da murya mai kauri, jariri kuma ya tsala ihu da siririya.

Ka fara da rula. A danne ta a bakin tebur, santimita 25 a waje, a ja bakin ƙasa a saki. Ido yana ganin girgizar, sautin kuma mai kauri ne. A mai da ita santimita 10: girgizar ta yi saurin da ido ba ya bi, sautin ya sirance. Yanzu a bar tsawon yadda yake, a ja ta kaɗan, sannan a ja ta da yawa. Ƙarfi ya sauya, kaurin yana nan. Ka sa kowane tebur ya yi da hannunsa, ko da aji zai cika da hayaniya.

Sai makaɗi ya shigo. Ka roƙe shi ya buga sau ɗaya ba tare da ya matse kalangun ba, sannan ya matse shi a hammata ya sake bugawa da ƙarfi iri ɗaya. Yara su matso su ga yadda igiyoyin da suka haɗa fatun biyu suke ɗamewa, fatar tana ƙara tauri, sautin yana sirancewa. Sannan ya riƙe matsin wuri guda, ya buga a hankali, ya buga da ƙarfi. Gwiwar hannunsa ce ke riƙe da kauri da siranta, makaɗin da ke hannunsa na dama kuma shi ke riƙe da ƙarfi. Ban san wani kayan gwaji da ya raba waɗannan biyu a fili kamar kalangu ba.

Akwai ranar da wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce wa makaɗin, "Baba, to yaya kuke sa shi ya yi magana?" Dattijon ya yi murmushi, ya buga wani take, yaran gaba ɗaya suka faɗi kalmomin kafin ya gama. Na ce su faɗi "wuya" ta jiki, su faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙen iri ɗaya ne, amma a ta farko murya tana farawa a sirance ta sauka, a ta biyu tana farawa da kauri ta hau. Wannan hawa da saukar ne kalangu yake kwaikwaya. Wato kowane Bahaushe tun yana goye kunnensa yake auna abin da muke shirin ba wa suna. Na ga fuskokin yara sun sauya da suka ji haka.

Yanzu ka ba da sunayen. Yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya shi ne firekans, f, ana ƙirga shi da Hz, daga sunan Heinrich Hertz na Jamus; shi ke sa kauri ko siranta. Nisan da abin yake kaiwa a kowace girgiza shi ne amfilitid. Shi ke sa ƙarfi. Lokacin girgiza guda kuma T = 1/f. Ka buɗe phyphox, namiji mai babbar murya ya ja "aaaa", mace ta ja nata, a rubuta adadin a allo. Muryar babban namiji takan faɗa tsakanin Hz 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255.

Kafin a tashi ka yi gwajin iyakar ji. Kunnen ɗan Adam yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000, amma saman yana raguwa da shekaru. Kowa ya ɗaga hannu, ka kunna 8,000, ka riƙa hawa da dubu-dubu, wanda ya daina ji ya sauke. Kai malami za ka riga su saukewa, su kuma hannuwansu na sama. Kada ka ƙure ƙarar wayar. Kada kuma ka gwada ƙasan, don ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai, sai yara su ɗauka kunnensu ne ya gaza. Ka ambata musu cewa jemage yana amfani da sautin da ya wuce 20,000 wajen gane hanya cikin duhu, na'urar da ake duba masu ciki da ita a asibiti kuma tana aiki da miliyoyin Hz.

Kwalabe biyar ɗin nan ka bar su aikin gida: a zuba ruwa daban-daban, a busa bakin kowace, sannan a ƙwanƙwasa kowace da cokali. In an busa, mai ruwa da yawa ce siririya; in an ƙwanƙwasa, ita ce mai kauri. Su zo da dalili. A busawa iskar da ta rage a ciki ce ke girgiza, a ƙwanƙwasawa kuwa kwalbar ce da ruwanta.

Zama na uku: a auna gudun sauti

Littafi ya ce mita 340 a daƙiƙa. Ka bar yara su nemo adadin da kansu kafin ka faɗa.

Ka zaɓi bango dogo mai santsi da fili a gabansa, bangon aji ko katangar makaranta, wanda babu wani gini kusa da zai dawo da tasa amsa-kuwwar. Garinmu cike yake da manyan duwatsu, kuma yara za su ce a je can, amma fuskar dutse ba a miƙe take ba, takan watsa sautin. Bango ya fi. Ka je da safe kafin iska ta tashi. A auna mita 50 daga bangon da awon magina, a ja layi a ƙasa.

Yaro guda ya tsaya a layin ya haɗa katakan nan biyu da ƙarfi: ƙwas, sai bango ya amsa. Lokacin da ke tsakani bai kai sulusin daƙiƙa ba, babu yatsan da zai kama shi da agogon waya. Dabarar ita ce a mai da shi kiɗa. Yaron ya riƙa bugawa a jere, yana daidaita saurinsa har amsar ta riƙa faɗowa daidai tsakiyar bugu biyu: bugu, amsa, bugu, amsa, da tazara iri ɗaya, kamar mata biyu suna daka a turmi guda. Da na faɗi wannan misali ƴan mata suka riga maza kamawa. Ka nemi mai kunnen kiɗa, ka ba shi minti biyu ya zauna a kan takensa.

In ya daidaita, masu agogo uku su shirya. Mai ƙirga ya ce "sifili" a kan wani bugu, su danna; ya ƙirga har 20, su tsayar. A kula, sifili ake farawa da shi. In aka fara da ɗaya, tazara 19 aka auna, lissafi ya karkace. Tsakanin bugu da bugu sauti yana da lokacin zuwa bango da dawowa sau biyu, wato mita 200. Tazara 20 ta zama mita 4,000. In agogo ya nuna daƙiƙa 11.5, gudun ya zama 4,000 ÷ 11.5, kusan mita 348 a daƙiƙa. A maimaita da ƙungiya uku ko huɗu, a rubuta duka, a ɗauki matsakaici. Wata ƙungiya za ta samu 320, wata 370. Kada ka goge ko ɗaya. Ka tambaye su daga ina bambancin ya fito: awon mitar ne, yatsan mai agogo ne, ko mai bugun ne ya yi sauri?

A nan ne za ka kawo zancen zafi, kuma wannan namu ne mu mutanen Damagaram. Gudun sauti a iska yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kan kowane digiri: v = 331 + 0.6 × zafin iska. Adadin 340 na littafi na digiri 15 ne, sanyin da sai da asubar lokacin ɗari muke ganinsa. A rana tsakar watan Afrilu, in zafi ya kai 42, gudun ya kai 356. Yaron da ya auna 352 yana ganin ya yi kuskure, alhali ya fi littafin kusa da gaskiyar filin da yake tsaye. Ka gaya masa haka a gaban kowa. Ka kuma gaya musu cewa ranar jarrabawa adadin da aka ba su a takarda za su yi aiki da shi.

Wannan ne kuma ke bayyana abin da kowa ya sani, cewa kiran sallar asuba lokacin ɗari yana zuwa daga unguwanni masu nisa. Shirun gari yana taimakawa, amma akwai ƙari: da asuba iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti ya fi gudu a ta saman, sai ya lanƙwaso ƙasa maimakon ya tsere sama.

Game da ruwa da ƙarfe, adadi biyu sun isa: kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, kusan 5,000 cikin ƙarfe. Yara za su ce don ƙarfe ya fi nauyi ne. Ka gyara wannan nan take: nauyi rage gudu yake yi, taurin ƙarfe ne ya rinjayi nauyinsa. Ka mai da su sahun nan na zaman farko, su sandare hannuwansu, su ga yadda turin yake isa gaba nan da nan.

Zama na huɗu: tiyo a cikin bido, sannan lissafi

Ka cika bidon da ruwa, ka tsoma tiyon a tsaye har ya rage kaɗan a waje. Ka sa waya ta fitar da Hz 1,000, yaro guda ya riƙe ta a saman bakin tiyon ba tare da ta taɓa shi ba, ya riƙe da kyau don ruwa ne a ƙasa. Wani ya riƙa ɗaga tiyon sannu a hankali. Aji ya yi tsit. A wani wuri sautin zai cika ɗakin farat ɗaya, in an wuce ya koma. A tsaya a nan, a auna daga fuskar ruwa zuwa bakin tiyo: wajen santimita 7 da rabi. A ci gaba da ɗagawa, zai sake cika a wajen 25. Bambancin biyun, santimita 17 da rabi, shi ne rabin zangon sautin, wato rabin nisan da ke tsakanin matsi da matsin da ke biye masa. Cikakken zango, λ, santimita 35 ke nan. Bambancin ake ɗauka, don iskar da ke girgiza tana ɗan zarce bakin tiyon, kuma ɗebewar tana share wannan ƙarin.

Yanzu ka tambaya: in kowace girgiza tana tura sauti gaba da mita 0.35, kuma ana yin 1,000 a daƙiƙa, mita nawa zai ci a daƙiƙa? Za su ce 350 kafin ka juya ga allo. Sai ka rubuta v = λ × f a ƙarƙashin amsarsu, kusa da adadin da suka samu a bango. Hanya biyu da ba su haɗa komai ba sun kawo su wuri ɗaya.

Daga nan kayan busa na fada sun zama misali a hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ranar hawan salla ya ji kakaki da algaita tare. Kakaki dogo ne, iskar cikinsa doguwa, sautinsa mai kauri. Algaita gajera ce, mai busa kuma yana buɗe ramuka yana rufewa, yana gajarta iskar yana tsawaita ta. Mai gurmi da mai goge haka suke yi wa tsirkiya da yatsa.

Lissafin da za ka bayar ya fito daga abin da suka taɓa. Zangon muryar da suka auna a zama na biyu, in Hz 120 ce, kusan mita 2.9. Sautin Hz 1,000 in ya shiga ruwa fa? Firekans ba ya sauyawa, don mai girgizar ne ya yanke shi. Zangon ne zai miƙe ya kai mita ɗaya da rabi. Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, ka nanata. Sai tambayar mai daka: in tana nesa da mita 350, daƙiƙa nawa tsakanin gani da ji? Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka nasa lokacin ba ya shiga lissafi.

In lokaci ya rage, ka kawo abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Kowa ya san yadda odar ɗan kabu-kabu take sirancewa in yana tahowa, ta yi kauri da ya wuce. Ka sa waya mai fitar da Hz 1,000 cikin safa, ka ɗaure da igiya mai ƙwari, yara su ja baya sosai, ka juya ta a saman kanka. Su za su ji sautin yana hawa yana sauka, kai da ke tsakiya ba za ka ji sauyi ba.

Zancen kunne

Wannan ba na barinsa ko da lokaci ya ƙure. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce, a wajen 120 kunne yake fara zafi. Ma'aunin ba ya tafiya kamar na rula: ƙarin desibel 3 kacal ninki biyu ne na ƙarfin da ke dukan kunne, ƙarin 10 kuma ninki goma. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8. A 88 awa 4, a 91 awa 2, a 100 kuwa minti 15. A can cikin kunne akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar girgiza, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa.

A cikin ajinka akwai wanda bayan an tashi yake taya mahaifinsa a injin niƙa, akwai mai zuwa wurin walda ko maƙera, akwai masu kwana da abin sauraro a kunne, akwai masu tsayawa gaban lasifika a gidan biki. Ka ba su ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin yana cin kunnenka. In ka fito kana jin kunnenka yana ƙugi, ya riga ya ji jiki. A ja baya daga injin, a rage ƙarar waya, mai aiki a wurin kullum ya nemi abin toshe kunne. Ka ce su kai wannan magana gida.

Aikin ƙarshe na damina ne, don hadari yakan fara haɗowa ne daidai lokacin da makaranta take shirin rufewa. Daga cikin ɗaki, ba a fili ko gindin itace ba, in sun ga walƙiya su fara ƙirga daƙiƙa har su ji cida. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Wanda ya ƙirga 9, tsawar ta faɗi kilomita 3 daga gidansu. Su rubuta rana da unguwa da adadin da suka ƙirga a bayan littafin fizik, su kawo in an koma a watan Oktoba.